Sagewar ƙaramin yatsa: a gwiwar hannu jijiyar ta matse ko a wuyan hannu?

Tambaya: Likita, ni direba ne, ina jan mota mai dogon zango. Kusan wata uku ke nan ƙaramin yatsana na hagu da mai bi masa suna sagewa, da dare har tashina abin yake yi daga barci. Likitan da ya duba ni ya ce jijiya ce ta matse a gwiwar hannu. Amma abokin aikina da aka yi wa aiki a wuyan hannu ya ce nawa ma daga nan ne, tunda a yatsu nake ji, gwiwar kuwa lafiyarta lau. Wanne ne gaskiya, kuma yaya ake ganewa?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Daga yadda ka zayyana abin, maganar likitan da ya duba ka ta fi kusa da gaskiya. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba a kan nasa hannun, sai dai ina kyautata zaton jijiyarsa daban, taka daban. Mafi yawan waɗanda ake yi wa aiki a wuyan hannu saboda sagewar yatsu, jijiyar tsakiya ce ta matse musu, wadda likitoci ke kira midiyan, ita kuwa babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe take kula da su. Ƙaramin yatsa ba ruwansa da ita. Shi da ɗaya rabin yatsan zobe a hannun wata jijiya suke, jijiyar ulna. Ita ma tana iya matsewa a wuyan hannu, amma ba kasafai ba. A gwiwar hannu ta fi shan wahala nesa ba kusa ba. A duk hannu, in an cire matsewar jijiyar tsakiya, babu matsewar jijiyar da ta kai ta ulna a gwiwar hannu yawa.

Kada lafiyar gwiwar ta yaudare ka. Jijiyar da muke magana a kai ba ta jini ba ce, ba kuma agara ba. Farar igiya ce mai kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma kawo umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Duk inda aka taɓa ta a hanya, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka saƙon daga ƙarshen igiyar ya fito, wato daga yatsu. Shi ya sa in ka bugi gwiwar hannunka a jikin ƙofar mota, a ƙaramin yatsa kake jin zirr ɗin, alhali babu abin da ya taɓa shi.

Daga laka take fitowa a gindin wuya, ta saiwoyi biyu da ake kira C8 da T1. Ta wuce ta bayan ƙashin da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa, ta shiga hammata, ta gangara ta cikin damtse tare da babbar jijiyar jini. Wajen tsakiyar damtsen sai su rabu: jijiyar jinin ta ci gaba ta gaba, ita kuma ta huda tantanin da ya raba tsokokin gaba da na baya, ta koma baya. Duk tsawon damtse ba ta ba kowace tsoka reshe ba, wucewa kawai take yi.

Yanzu miƙe hannunka, tafin yana kallon gaba, ka shafa gwiwar ta gefen da ke manne da jikinka. Za ka ji wani tudun ƙashi, ƙarshen ƙashin damtse ke nan. Matsa baya kaɗan, ga tsinin gwiwar, wanda ake dogarawa a kan tebur. Wannan kan ƙashin ulna ne, kuma daga gare shi jijiyar ta samo suna. Tsakanin tudun da tsinin akwai kwarmi. Sa kan yatsanka a ciki ka murza a hankali, za ka ji wata igiya da ba ta kai kaurin fensir ba tana gangarawa a ƙarƙashin yatsan. Ita ce. A nan babu tsoka a kanta, fata ce kawai da ɗan kitse, bayanta kuma ƙashi. Babbar jijiya irin wannan da aka bari a fili haka, ba su da yawa a jikin ɗan Adam.

Daga kwarmin nan take shiga wani ɗan rami da za ka iya gani a takardar asibiti da sunan ramin kubital. Ƙasansa jakar gaɓar ce da igiyar da ta ɗaure ƙashin damtse da na ulna. Rufinsa wani tantani ne mai tauri da ya tashi daga tudun ƙashin zuwa tsinin, ya ci gaba ya haɗa kawuna biyu na tsokar da ke lanƙwasa wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Ana danganta tantanin da Geoffrey Osborne, wani likitan ƙashi a Ingila da ya yi bayaninsa a 1957. In hannu na miƙe, rufin sako-sako yake, jijiyar na sakewa. Da zarar an lanƙwashe gwiwar sosai, tsinin ya yi nisa da tudun, rufin ya ɗame ya kwanta a kan jijiyar, ramin ya ƙuntace. Ƙari a kan haka, tunda ta bayan gaɓar ta bi, lanƙwasar jan ta take yi. Matsa da ja a lokaci guda, sai jinin da ke ciyar da jijiyar ya ragu, ta fara kuka da sagewa da tsittsira, abin da wasu ke cewa minjirya.

Ka ga dalilin da dare ya fi damunka. Yawancinmu da gwiwa a lanƙwashe muke barci, hannu a ƙarƙashin kai ko a ƙirji, sa'o'i da dama ba a motsa ba. Da rana kuma, direba a ƙasar nan ta hagu yake zama, gwiwar hagu a kan ƙofa, a lanƙwashe, daidai kwarmin nan a kan ƙarfe ko roba mai tauri, ga girgizar hanya daga safe zuwa yamma. Da ka ce hagu ne, rabin amsar ta fito. Mai riƙe waya a kunne na dogon lokaci da mai dogara gwiwa a hannun kujerar ofis duk a layi ɗaya suke. Akwai kuma mutanen da rufin nasu sako-sako ne tun haihuwa, jijiyar na zamewa ta hau kan tudun ƙashin duk lokacin da suka lanƙwashe hannu, har a ji ta yi tsalle a ƙarƙashin yatsa. Wasu har su tsufa bai dame su ba, wasu kuma gogar ce ke kumbura ta.

Bayan ta fita ramin ne take fara raba rassa, kuma a nan amsar tambayarka take. Ka ɗauke ta kamar wayar wuta da ta shiga layin unguwa: in ta tsinke a bakin layi, kowane gida duhu, in a ƙarshen layi ne, gidajen da suka riga suka ja tasu suna da wuta. Ƙasa da gwiwa kaɗan tana ba tsokoki biyu: wadda na ambata mai lanƙwasa wuyan hannu, da rabin wata tsoka ta can ciki mai lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta ƙaramin yatsa da na zobe. Sai ta ci gaba a ɓoye a ƙarƙashin tsoka, jijiyar jini ta ulna a gefenta. Saura kamar santimita 5 zuwa 8 ta isa wuyan hannu, sai wani reshe ya ɓalle ya zagaya baya. Shi ke ɗauke da jin fatar bayan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Wannan reshen bai taɓa shiga ramin wuyan hannu ba. Saboda haka in bayan hannunka ta wannan gefen ya sage, matsalar sama da wuyan hannu take, kuma galibi a gwiwa. In bayan hannun garau yake, cikin yatsun ne kawai suka sage, sai a fara duba wuyan hannu da kyau.

A wuyan hannun, jijiyar ulna ba ta bin ramin da jijiyar tsakiya ke bi. Nata daban ne, a samansa, ta gefen ƙaramin yatsa. Buɗe tafinka ka shafa gindinsa ta wannan gefen, daidai layin da wuyan hannu ke lanƙwashewa: akwai ɗan ƙashi zagayayye mai motsi kaɗan, ana ce masa fisifom. Daga kansa ka matsa kamar faɗin yatsa guda zuwa cikin tafin, ta wajen gindin manuni, ka danna da ɗan ƙarfi, za ka ji wani tauri a can ciki. Ƙugiyar wani ƙashi ce mai suna hamet. Tsakanin waɗannan biyun jijiyar ke ratsawa tare da jijiyar jininta, a wani rami da tsawonsa bai wuce kimanin santimita 4 ba. Félix Guyon, likitan fiɗa a Faransa, shi ya yi bayanin ramin a 1861, ake kiransa da sunansa har yau.

A cikin ramin Guyon jijiyar ke rabuwa biyu. Reshen sama na ji ne, yana zuwa fatar ƙaramin yatsa da rabin na zobe ta gefen tafi. Reshen ƙasa na motsi ne zalla: ya kewaye ƙugiyar ƙashin, ya nutse, ya gitta tafin hannu ta can ciki har gindin babban yatsa, yana ba ƙananan tsokoki fiye da 12 a hanya. Don haka matsewa a wuyan hannu fuska uku gare ta. In kafin rabuwar ce, a samu sagewa da rauni tare. In reshen ƙasa kaɗai ta kama, hannu ya rame ya rasa ƙarfi ba tare da ko ɗigon sagewa ba, kuma irin wannan ne ya fi ruɗa mutane, har da ma'aikatan lafiya. In reshen sama ne, sagewa kawai. Abin da ya fi jawo ta a nan shi ne ɗan ƙululu mai ruwa da ke tsirowa daga gaɓar wuyan hannu, sai karayar ƙugiyar ƙashin, sai dogon dannawa: mai keke ko ɗan acaɓa da ke ɗora nauyinsa a gindin tafi, ko bakanike da kafinta da suka mai da gindin tafinsu guduma. Su waɗannan na ƙarshe har jijiyar jinin takan toshe, yatsun su riƙa sanyi suna sauya launi.

Akwai abubuwan da za ka iya gwadawa a zaune. Ɗauki audiga ko bakin hankici ka shafa yatsan zobe gefe da gefe, ido a rufe. In gefen da ke kallon ƙaramin yatsa ya dushe, ɗaya gefen kuma garau, wannan tsagawar yatsa biyu kusan sa hannun jijiyar ulna ce. Shafa bayan hannun ka gwada da na dama. Sannan ka lanƙwashe gwiwar iya lanƙwasuwa, wuyan hannu a miƙe, ka riƙe minti 1. In sagewar ta taso ko ta ƙaru, gwiwa ta nuna kanta. Ƙwanƙwasa kwarmin da kan yatsa ma yakan aika shokin zuwa yatsun, amma ban cika dogara da wannan shi kaɗai ba, don masu lafiya da yawa ma suna ji. Haka ƙarfin lanƙwasa kan ƙaramin yatsa: in ya ragu, gwiwa ce, in bai ragu ba, bai wanke gwiwar ba, saboda zarurrukan da ke zuwa wannan tsokar a can cikin jijiyar suke kwance, sukan tsira alhali na yatsu sun sha matsa.

Ni kam sagewar ba ita ta fi tayar mini da hankali ba, tsokar nake dubawa. Ƙananan tsokokin da reshen ƙasa ke ciyarwa su ke ware yatsu su haɗa su, su ke ba babban yatsa ƙarfin matse makulli a jikin manuni a murɗa shi. Kife hannayenka biyu a kan cinya ka dubi naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. A lafiyayyen hannu tudu ne. In na hagu ya fara zama kwarmi, ko ƙasusuwan bayan hannun sun fara fitowa da ramuka a tsakaninsu, jijiyar ta daɗe tana shan wuya. Sa takarda tsakanin babban yatsa da gefen manuni, wani ya ja. Mai lafiya da yatsa a miƙe zai riƙe. Wanda tsokarsa ta yi rauni sai ya lanƙwashe kan babban yatsan, yana aron ƙarfi daga wata tsoka ta jijiyar tsakiya. Jules Froment, likitan jijiya a Faransa, ya bayyana wannan alamar a 1915. Wata alamar kuma marasa lafiya ne da kansu ke kawo ta: ƙaramin yatsa ya ƙi komawa jikin 'yan'uwansa, in za a sa hannu a aljihu sai ya maƙale a bakin aljihun.

In abin ya yi nisa, yatsun biyu su lanƙwashe su ƙi miƙewa, gindinsu ya ɗaga baya. Abin mamaki a nan shi ne lanƙwashewar ta fi muni in a wuyan hannu jijiyar ta lalace, don tsokar da ke jan kan yatsun tana nan da ƙarfinta, babu mai yi mata birki. In a gwiwa ne, ita ma ta raunana, sai hannun ya zama bai kai muni a ido ba duk da ɓarnar ta fi yawa. Har akan ga wanda aka gyara wa jijiya a gwiwa yatsunsa sun ƙara lanƙwashewa bayan wasu watanni, ya tsorata, alhali alamar farfaɗowa ce.

Ba duk sagewar ƙaramin yatsa ce daga gwiwa ko wuyan hannu ba. Fatar hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta gefen ciki ba jijiyar ulna ke kula da ita ba, wata ce daban mai tasowa daga wajen hammata. In sagewar ta hau har can, musamman da ciwon wuya mai harbawa zuwa hannu, a duba ƙashin wuya da gindinsa. Ciwon suga yana sa jijiyoyi saurin jin matsa, don haka a auna jini, ba tsada. Sagewar da ta zo farat ɗaya da karkacewar baki ko nauyin harshe kuwa ba zancen gwiwa ba ne, a garzaya asibiti a take.

Abu biyu ne nake tambayar duk wanda ya zo mini da wannan a ƙasarmu. Na farko: ka taɓa karyewa a gwiwar hannu kana yaro? Karayar gefen waje ta ƙashin damtse, in ba ta haɗe daidai ba, ko a asibiti aka yi ɗorin ko a gida, hannun kan girma a karkace zuwa waje, jijiyar ta riƙa jawuwa a hankali. Sai bayan shekara 10, 20 ko fiye sagewar ta bayyana, mutum ya manta da karayar ma. Na biyu: akwai wani tabo a fatarka da ya fi sauran jiki haske, wanda in an taɓa ba ka ji sosai? Ƙwayar kuturta wuraren da ba su da ɗumi sosai a jiki take so, kuma jijiyar ulna a saman gwiwa, da take daf da fata, tana sahun gaba cikin waɗanda take kamawa. A irin wannan sai a ji jijiyar ta yi kauri da tauri, wani lokaci da zafi in an taɓa. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar a Nijeriya kowace shekara, tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, kyauta ake bayarwa, kuma kama ta da wuri shi ke hana hannu nakasa. Ban faɗa don ina zarginta a kanka ba. Tambaya ce ta minti ɗaya da rashin yin ta ke jawo asarar hannu.

In likita na son tabbatarwa, akwai gwajin gudun saƙo a jijiya, galibi a manyan asibitocin koyarwa. A lafiyayyen hannu saƙon na ƙetare gwiwa da gudun da ya haura mita 50 a daƙiƙa. Inda ya rage gudu, nan matsalar take. Hoton sikanin yana nuna kumburin jijiyar ko ƙululu a ramin Guyon, hoton ƙashi kuma tsohuwar karaya.

Tunda ba ka ambaci rauni ko ramewar hannu ba, fara da sauƙaƙa wa jijiyar. Sauke gwiwar daga kan ƙofa. In ɗabi'ar ta ƙi barinka, sa soso mai kauri a wurin, ka gyara kujera yadda hannu zai ɗan miƙe a kan sitiyari. Da dare naɗa tawul a gwiwar ka ɗaure shi sako-sako, ba don ya matse ba, don ya hana ta lanƙwashewa sosai kana barci. Waya kuma a sa ta a sifika. Ka ba wannan mako 6 zuwa wata 3. Da yawa iya nan suke tsayawa. Tausa mai ƙarfi a kwarmin ƙara ɓata jijiyar take yi, tsaga ko ƙaho a wurin kuwa kada ma a fara, don ka ji da yatsanka yadda take daf da fata. Ƙwayoyin bitamin B da ake yawan rubutawa ba sa buɗe ramin da ya ƙuntace, kuma B6 in ya yi yawa na dogon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyi.

In sagewar ta zama ba dare ba rana, ko makulli ya fara gagararka, ko kwarmin nan ya bayyana a bayan hannu, lokacin tawul ya wuce, kada ka jira wata ukun su cika. Aikin da ake yi ko dai a tsage rufin ramin a bar jijiyar a wurinta, ko a ɗauko ta a dawo da ita gaban tudun ƙashin in tana zamewa ko gwiwar a karkace take. Tsittsirar dare ita ke fara tafiya bayan aikin. Ƙarfin hannu kuwa sai an yi haƙuri, don zaren jijiyar da ya mutu kimanin milimita 1 yake tsirowa a rana, daga gwiwa zuwa tsokokin tafi kuma ya haura santimita 30 a hannun babba, kusan tafiyar shekara guda ke nan. Tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙon jijiya ba ta cika dawowa yadda take ba, ko da aikin ya yi kyau. Saboda haka ka riƙa kife hannayen nan biyu kana gwada su duk mako, in ka ga na hagu ya fara faɗawa, ka koma wurin likitanka ka nemi ya tura ka ga likitan ƙashi ko na jijiya a cikin makon.